Mahauci da Mai Kifi a Hanyar Gaya

Abokaina sun daɗe suna tambayata labarin tafiyar da muka yi zuwa Nijar lokacin aikin tsohuwar kasuwar garinmu. Duk sanda muka haɗu wurin suna ko ɗaurin aure, sai wani ya ce, "Nura, ba mu labarin tsofaffin nan." Ina bayarwa, amma na lura kowane karo labarin yana ɗan sauyawa a bakina, abin kuma yana damuna. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi. Sai dai in faɗa tun farko cewa shekaru sun ja, kuma akwai wuraren da ban tabbata ba ko da idona na gani, ko ba ni labari aka yi daga baya har na ɗauka na gani. Inda na yi shakka zan faɗa.

Ni ɗan Maiyama ne. A lokacin jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero sabuwa ce fil. Na gama karatun tsara gari, aka ɗauke ni ina taimaka wa wani malami mai suna Malam Sambo. Gwamnatin jiha ta ware kuɗi domin jami'a ta taimaka wa garuruwa da zane, a farfaɗo da tsakiyar gari a inda ta mutu, kuma garinmu yana cikin waɗanda aka zaɓa. Tun da kwalta ta ja masu ciniki zuwa bakin titi, tsohuwar kasuwarmu ta cikin gari ta zama kango. Nan kakata Hassi ta sayar da daddawa da kuka har ƙarfinta ya ƙare, nan na koyi tafiya a tsakanin rumfuna. Ina son in ga wurin ya sake cika fiye da yadda zan iya bayyanawa.

Kuɗin yana da sharaɗi biyu. Na farko, nama da kifi kowanne ya kasance a sashensa da magudanar ruwansa, saboda tsabta. Na biyu, sai 'yan kasuwa sun amince da zanen kafin damina ta faɗi, in ba haka ba a mayar da kuɗin wani gari. Kowa ya amince sai mutum ɗaya, Baba Tanko mahauci. Ba shi da sarauta, amma babu mahaucin da zai motsa in bai motsa ba, kasuwa kuwa ba ta tsayuwa babu nama. Duk sanda muka shimfiɗa masa zane sai ya ce, "Madalla, ya yi kyau ƙwarai," sannan ya kawo wata damuwa. Da fari ya ce rana za ta riƙa bugun nama da safe, muka juya rumfunan. Ya ce yanzu iska ba za ta shiga ba, muka buɗe gefe. Ya ce rijiya ta yi nisa, muka matso da su. Ya ce ta yi kusa. Na zana sashen mahauta har hannuna ya san shi ba sai na duba ba.

Maƙwabcinsa a tsohuwar kasuwa shi ne Baba Jibo mai kifin banda, wanda iyayensa suka taso daga bakin gulbi. A wajenmu mahauta da masu kifi abokan wasa ne, amma na waɗannan biyu ya wuce na kowa. Tun kafin a haife ni rumfunansu ke manne da juna, suna zagin juna daga safe har la'asar. A zanenmu nama yana can gabas, kifi yana can yamma, kamar yadda muka fahimci sharaɗin. Baba Jibo shi ya fara amincewa, yana cewa a ƙarshe Allah ya raba shi da ƙuda.

A cikin kuɗin akwai damar kai ziyara wani gari da ya riga ya yi irin wannan aiki. Malam Sambo ya ji labarin wani gari gaba da Gaya ta Nijar, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ban nemi izinin mutanensa ba. Ya ce mu tafi da tsofaffin biyu, watakila in Baba Tanko ya ga kasuwa gamammiya zuciyarsa ta kwanta.

Mun tashi daga Aliero da safe, ni da Malam Sambo, da buhun albasa na tsaraba ga masu masaukinmu, da zanen a naɗe cikin wani dogon bututun roba mai murfi. Ni ke riƙe da shi. Na yi ta laluba aljihuna ina duba takardun shaida har Malam Sambo ya ce in na ci gaba zan huda rigar. A tashar Jega muka iske tsofaffin, sun riga mu zuwa daga Maiyama, kowanne da ƙullin guzurinsa, kuma har sun tara 'yan kallo. Rigimar kujerar gaba ake yi.

"Direba, kak ka aza wanga gaba," in ji Baba Jibo. "Ƙudan da ka bin shi za su ruhe maka gilashi."

"Ka ji mai warin ruwa," in ji Baba Tanko. "Direba, in ka sa shi baya ka buɗe tagogi dut, in ba haka ba da gawa za ka isa Kamba."

Direban da muka ɗauki shatar motarsa, wani mai suna Ɗan'ige, ya ce shi motarsa ba kotu ba ce. A ƙarshe Malam Sambo ya zauna gaba, su biyu suka zauna baya, aka sa ni a tsakiyarsu da bututun a tsakanin gwiwoyina. "Jikan Hassi," in ji Baba Tanko, "kai a katanga yau. Ka tsaya da kyau."

Hanyar Kalgo ba ta ba mu wahala ba. Bayan mun wuce Bunza, ko kuwa kafin mu kai ta, ban tabbata ba, tayar baya ta fashe. Muka sauka muka fake gindin wata bishiya Ɗan'ige yana canzawa. Baba Tanko ya kwance kilishi, Baba Jibo ya kwance banda da yaji. Na zaci za su haɗa mu ci tare kamar yadda matafiya ke yi, amma ina.

"Ni ban cin abin da ba a aza ma wuƙa ba," in ji Baba Tanko.

"Mu Allah da kanai ya yanka muna," in ji Baba Jibo. "Ku ko sai kun yi ta kokawa da akuya, tana kuka kuna kuka."

Kowannensu ya cika mini hannu da nasa. Ban kai loma bakina ba Baba Tanko ya miƙo hannu ya ɗauke kifin da ke damana. Ya ce wannan ai ba na Jibo ba ne, na jikan Hassi ne, abin jika kuwa halal ne ga kaka. Baba Jibo ya yi haka da kilishin da ke haguna. Suka ci gaba da cika mini hannu suna kwashewa har guzurin ya ƙare. Ina jin a ranar ban ci abin kirki ba, amma ban taɓa zama cikin nishaɗi irin na gindin bishiyar nan ba. Malam Sambo yana can gefe yana riƙe wa Ɗan'ige ƙusoshin taya, bai ga wannan ba.

A Kamba muka canza kuɗi muka nufi iyaka. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba. Da muka isa wurin jandarmomin Nijar, ɗayansu ya ƙura wa bututuna ido ya ce in sauko da shi. Murfin ya ƙi buɗuwa, hakan kuma ya sa suka ƙara matsowa. Da ƙyar aka zaro zanen aka shimfiɗa a kan mota. Jandarman ya dube shi, ya juya shi, ya sake dubawa, sannan ya tambaya da Hausarsu ko barikin soja ne. Na fara bayani mai tsawo game da jami'a da gwamnati, maganar tana sarƙe mini, sai Baba Jibo ya ture ni gefe, ya kira shi mushe, wato malam a Faransancinsu.

"Kasuwa ta, mushe. Diba nan, nan za ni zamna. Can kuma ƙurya, inda iska ba ta kawo muna shi, can za a aje wanga tsoho."

Jandarman ya yi dariya ya naɗe mana takardar da kansa, ya ce mu sauka lafiya. Abin da nake tunawa shi ne Baba Tanko bai rama ba, ya koma mota ya zauna. Amma watakila daga baya ne na ƙara wa kaina wannan, domin a lokacin hankalina yana kan murfin bututu.

Gaya ta ba ni mamaki, ko da yake tsakaninmu da su ba wani nisa ba ne, fuskokin ma irin namu ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri a waje, kuma ba a naɗe shi a komai, sai ka ga dattijo da babbar riga ya saƙale shi a hammata yana tafiya. Baba Jibo ya sayi ɗaya ya ce ya sami abin korar mahauta. Kuɗinsu kuma abin da aka rubuta a jikinsa daban, abin da ake faɗa da baki daban, don haka na daina saye, na bar wa Ɗan'ige. Shayinsu a ƙananan kofunan gilashi ake sha, zagaye bayan zagaye, kuma tashi kafin a gama rashin ladabi ne. Mu a gida mai shayi yana cika maka babban kofi ne ka sha ka ba wani wuri.

Mun isa garin da za mu bayan azahar, muka tarar ofishin magajin gari a rufe. Na ɗauka mun yi kuskuren rana. Ashe su haka suke, in rana ta take kowa ya tafi gida ya huta sai wajen la'asar a dawo. Muka yi salla muka jira. Da suka dawo suka karɓe mu da mutunci, suka ji daɗin albasar ƙwarai, wani ma ya ɗaga guda ya ce ta Aliero ba ta ɓuya. Da muka fito ana gab da magariba, ina tafe gaba da bututuna, sai na ji usur. Na waiwaya na ga duk wanda ke kan titi ya tsaya cik, mai keke ya sauka, mai talla ta tsaya da farantinta a ka. Tuta ake saukewa a gaban ofishin, ni kaɗai ke motsi. Na daskare da ƙafa ɗaya a gaba har aka gama. Baba Jibo ya ce da ya san haka ake tsayar da ɗan boko da ya sayi usur tun tuni.

Wurin masauki ne aka raba mu. A can har yanzu suna riƙe da abin da na ji an ce mu ma da haka muke yi, wato baƙo mai sana'a a gidan masu sana'arsa yake sauka. Malam Sambo ya tafi gidan wani ma'aikaci, masu kifi suka zo suka tafi da Baba Jibo unguwarsu ta bakin ruwa, ni kuma aka haɗa ni da Baba Tanko zuwa gidan babban mahaucin garin, wani Bazabarme mai suna Hamani wanda ya iya Hausa sosai. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo dambu da zogale da ƙuli, da gasasshen nama mai yawa. Sun yi hirar sana'a, farashin dabbobi da yadda kiwo ya yi wuya, amma Baba Tanko amsawa kawai yake yi. Ya ɗan taɓa abincin ya wanke hannu. Na tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce gajiyar mota ce.

Da safe aka zagaya da mu kasuwar. Gaskiya ta yi kyau. Rumfuna a jere, rufin kwano mai tsawo da iska ke ratsawa, daɓen siminti, famfo a kowane sashe, magudanai a rufe. Mahauta suna wannan ƙarshen, masu kifi suna wancan, tsakaninsu masu hatsi da masu atamfa da masu kayan miya, tafiya ce mai ɗan nisa. Kusan zanenmu ne aka gina. Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa, na ce a raina yau magana ta ƙare. Malam Sambo ya tafi da ma'aikatan yana auna faɗin hanyoyi, Baba Jibo yana can wurin mutanensa, ni na zauna da Baba Tanko a rumfar Hamani. Na tambayi Hamani, da ƙarfi don Baba Tanko ya ji, yadda ya ga sabuwar kasuwa.

"Ciniki akwai, alhamdu lillahi," in ji shi. "Ƙuda sun ragu, mai duba tsabta ba shi damunmu. Sai dai yini ya yi tsawo." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. "Da can akwai wani mai kihi kusa gare ni, bakinai ba shi da linzami. Yanzu sai Juma'a muka gamuwa masallaci. Masallaci kuwa ba a zagi."

Baba Tanko ya dubi wancan ƙarshen kasuwar. Can sai ya taɓa ni ya ce, "Jikan Hassi, tai ka diba min ko wancan mai warin ya mutu. In shina da rai ka ce mai mahauta na gaishe shi, sun ce shi yi nesa da gulbi kak kihi su gane shi su rama."

Na ratsa kasuwar na kai saƙo. Baba Jibo ya saurara yana murmushi, ya ba ni amsa mai zafi game da tumbin Baba Tanko da tumbin saniya. Ni kuwa ba zan iya faɗa wa dattijo irin wannan magana a gaban baƙi ba. A hanya na sassauta ta, na isa na ce Baba Jibo yana amsawa, ya ce ka rage cin kitse don lafiyarka.

Baba Tanko ya dube ni sama da ƙasa. "Jibo bai hwaɗi haka ba. Wagga maganal likita ta. Koma ka amso ta yadda yac ce."

Na koma. Haka na yi ta kai da kawowa cikin rana, ban san sau nawa ba, rigata ta jiƙe sharkaf. Masu hatsin da ke tsakiya har sun gane ni, in na wuce sai su ce, "Manzo, mi anka ce yanzu?" Kowane zagi kafin in kai shi ya huce, in na kawo amsa an riga an manta abin da aka tambaya. Duk da haka ba su daina aike na ba.

A wani zuwan na yi karo da Malam Sambo. Ya ce, "Nura, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na gaya masa aikin da aka sa ni. Ya yi dariya har ya dafa ginshiƙi. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ya dubi wannan ƙarshen kasuwar, ya dubi wancan, ya tambaye ni tun yaushe ake aike na, da abin da Hamani ya ce. Na ƙara masa da labarin guzurin gindin bishiya. Ya karɓi bututun daga kafaɗata ya nufi teburin wani mai shayi, ya ce kada kowa ya dame shi.

Daga baya ya yi mini bayanin abin da ni ɗan garin ya kamata a ce na fi shi sani, amma sabo ya rufe mini ido. Abokin wasa ba ya taɓa cewa yana son zama kusa da abokin wasansa. In ya faɗa, wasan ya lalace, kuma yara za su yi ta masa dariya har ya mutu. Don haka Baba Tanko ya yi ta kawo mana rana da iska da rijiya, mu kuma muna ta gyara masa rana da iska da rijiya.

Washegari muka kamo hanyar gida. Bayan mun tsallako iyaka muka tsaya cin abinci a Kamba. Malam Sambo ya bari sai da kowa ya ƙoshi, sannan ya shimfiɗa takardar da fuskar damuwa. Ashe a teburin mai shayin nan ya lanƙwasa sassan biyu sun zo sun haɗu a kusurwa ɗaya, kowanne da magudanarsa tana fita ta nata gefen, yadda sharaɗin bai karye ba.

"Baba, mun sami matsala," in ji shi. "Da na sake aunawa, fili ya matse mu. Dole rumfa ɗaya ta mahauta ta jingina da ta masu kifi, katanga ce kawai a tsakani, iya ƙirji. Na san babu mahaucin da zai yarda da wannan wuri. Ban san yadda zan yi ba."

Ni na san filin bai matse mu ba, ni na auna shi. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ji takalminsa a kan ƙafata, ya danna sosai.

Baba Tanko ya daɗe yana sakace. Ɗan'ige ma ya daina tauna. Ni dai hankalina yana kan sharaɗin damina, domin hadari ya riga ya fara haɗuwa da yamma a kwanakin nan, kuma ba mu da wani zanen bayan wannan.

"Katangag ga, iya ina kac ce?"

"Iya ƙirji, Baba."

"Ƙirjin wa? Wanga gajere na. A rage ta. In ta yi tsawo ƙaƙa za ni ga sa'ad da shika satam min wuƙa?" Ya tura takardar gefe kamar abin ya dame shi. "Yara ba su iyawa da wanga bala'i, warin kashe su za shi yi. Ni na saba da wahala. Ku ba ni ita."

"Ni kuma ba a tambaya ta?" in ji Baba Jibo. Ya ɗauki ragowar dogon burodinsa ya nuna Baba Tanko da shi. "Na yi murna na rabu da ƙuda, ga shi an maido min uwarsu. To, na yarda. Amma a shaida don Allah niy yi, ba don shi ba."

Mahauta suka amince a cikin makon, kafin ruwan farko. A Birnin Kebbi an tambayi dalilin gajeriyar katangar, Malam Sambo ya ƙara ragar waya daga samanta zuwa rufi don ƙuda, wadda ba ta hana gani ko ji, aka sa hannu. Sauran hanyar daga Kamba zuwa Jega ban riƙe ta sosai ba, sai dai na san an yi dariya da yawa, ni kuma ina rungume da bututu ina tunanin yadda zan sake zana magudanai.

Gini ya ɗauki lokaci, kamar yadda gini ke yi. Na taɓa zuwa duba aiki na iske su biyu zaune a kan katangar tun tana iya gwiwa, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya, suna gardamar wanda ya fi cin wuri. Baba Jibo bai ga an aza rufi ba. Ya kwanta 'yan kwanaki a ƙarshen wata damina, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Kasuwar ta buɗe, kuma ta cika, ko da yake ba kamar zamanin kakata ba. Baba Tanko ya shiga rumfarsa ta kusurwa. Ta ɗaya gefen aka ba babban ɗan Baba Jibo, Umaru, mutum mai iyali da natsuwa. Kullum da safe yakan zagayo ya durƙusa ya gaishe shi, da rana ya aiko masa da kifi mai kyau. Ba zai iya zagin abokin mahaifinsa ba, ko da al'ada ta ba shi dama.

Zuwana gida na ƙarshe na je gaishe da Baba Tanko. Ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke yanka, shi yana zaune a kan buzu ya jingina da katangar. Na tambaye shi maƙwabci. Ya ce, "Yaron ga bai da tarbiyya, kullum sai gaisuwa." Muka yi dariya. Sai ya kama hannuna ya ce, "Jikan Hassi, kai ad da ilimi. Da muna dawowa, wajen Bunza, mi Jibo yac ce min da Ɗan'ige yat taka burki don dariya? Ban rama ba ran nan. Na yi ta biɗa tai cikin kaina, ta ɓace min."

Na tuna an taka burkin. Na tuna Malam Sambo yana share hawaye da hularsa. Maganar kuwa ban riƙe ta ba. Na so in ƙirƙiro masa wata, amma na san zai gane ba ta Jibo ba ce. Na ce masa zan tambayo.

Malam Sambo ya bar Aliero tuntuni, ban san inda aiki ya kai shi ba. Ɗan'ige an ce mini ya koma jigilar albasa zuwa kudu. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san ɗayansu, ya isar masa. Wanda kuma ya ga na yi kuskure a wani wuri, ko a hanya, ko a suna, ko a abin da wani ya faɗa, ya aiko mini in gyara, ba zan ji haushi ba. Amma maganar Bunza ita ce ta gaggawa. A aiko ta yadda aka faɗe ta, kada a sassauta, ko da ba ta da daɗin ji. Tsohon yana jira ya rama.